Wa Ya Kamata Ya Fara Ji?

Bara, lokacin da muke haɗa fitowar da ta gabaci wannan, rubutu 23 aka kawo mana. Kuɗin da muka tara, kowa jika guda, mai hali jika biyu, bai wuce na shafi 40 ba a wurin mai fotokopi. Aka ware mu mu uku aka ce mu zauna mu tace. Muka ɗauki 9, muka ajiye 14. Cikin waɗanda aka ajiye har da na abokina, wanda tun muna lise muke cin tuwo kwano ɗaya, kuma ni da bakina na ce a ajiye shi, alhali nawa ya shiga. Har gobe ina ganin hukuncin daidai ne, rubutun bai nuna ba. Abin da ya hana ni barci daban ne. Na ce a raina sai na samu lokaci mai kyau in gaya mishi. Kwana ɗaya ya zama huɗu, kafin in je maganar ta riga ni. A fada ya ji, ana zuba shayi, a bakin wani da ko cikin ƙungiyarmu ba ya. Ya yi dariya tare da su, ya shanye kofinsa, ya tashi. Bana bai kawo rubutu ba.

Ina da wa a Amurka, direban babbar mota ne a jihar Mishigan, kuma ya kamu da son ƙwallon can, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita, ƙarti sanye da hular kwano suna ture juna. Duk sati sai ya cika mini WhatsApp da saƙon murya a kanta. Da farko don zumunci kawai nake saurare. Daga baya na lura rabin hirar tasa ba ta wasan ba ce: wa za a sayar, wa za a kora, wa aka ce an taya. Sai na ga ashe abin da ya shiga tsakanina da abokina a kan shafi 40, su can sun mai da shi sana'a, da dokokinta da dillalanta. Shi ya sa nake so mu leƙa gidansu, don abu in ya yi girma ya fi sauƙin gani.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Babbar gasarsu ana ce mata NFL, ƙungiyoyi 32 ne a ciki. A watannin Yuli da Agusta, lokacin share fage, kowace ƙungiya tana iya tara ƴan wasa har 90. Ƙarshen Agusta na yi, doka ta ce a rage su zuwa 53. Ɗauki bik ka buga: 37 sau 32, mutum 1,184 ke nan da ake sallama cikin ƴan kwanaki. Wasu ana maido su cikin ƴan atisaye, kamar 16 a kowace ƙungiya, da albashi kaɗan. Sauran kowa ya kama gabansa. Akwai ma'aikacin da ake aikawa ya ƙwanƙwasa wa ɗan wasa ƙofa ya ce koci na nemanka, ka zo da littafin dabaru. Wannan ɗan aike suna yi masa laƙabi da Baturke, kuma duk wanda ya gan shi tsaye a bakin ƙofa ya san zamansa a gidan ya ƙare.

Sannan akwai iyakar kuɗi. Tun 1994 aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashin ƴan wasa a shekara, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. A 2024 iyakar ta kai dala miliyan 255 da ɗoriya, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Kuɗin da yawa, amma tukunya ɗaya ce, in ka cika wa ɗaya kwano na wani ya ragu. Yawancin kwantiragin kuma ba duka kuɗinsa aka lamunce ba. Za ka ji an ce wane ya sa hannu na shekara biyar, bayan biyu a sallame shi, sauran ya bi ruwa. Abu na ƙarshe shi ne ya fi ba mu mamaki, mu da muka saba da ƙwallon Turai. A Turai ko ƙungiyoyi biyu sun daidaita, sai ɗan wasa ya yarda ya sa hannu kafin ya tashi. A NFL kuwa kwantiragin ake musaya da mutumin a ciki. Ban da ƴan ƙalilan da suka sa sharaɗin hana haka a takardarsu, ba a neman yardarka. Ka kwana ɗan wannan gari, ka wayi gari an ce ka haɗa kaya.

Tambaya ta farko ke nan: yankewar kanta zalunci ce? Na so in ce e, don zuciya ta fi son ta tsaya wa wanda aka kora. Amma mu ɗauki labarin Jared Goff. Shi ne madugun ƙungiyar Rams ta Los Anjalis, wato mai jefa ƙwallo, wanda duk hari daga hannunsa yake tashi. Shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin ƴan wasa na 2016. Ya kai su wasan ƙarshe, Super Bowl, a Fabrairun 2019, suka sha kashi 13 da 3. A watan Satumba na shekarar suka ƙara mishi kwantiragi na shekara huɗu, dala miliyan 134. Ba a cika shekara ɗaya da rabi ba, a ƙarshen Janairun 2021, suka daidaita da ƙungiyar Lions ta Ditroit: su ba da Goff, su haɗa da damarsu ta zaɓe a zagayen farko har biyu da ta zagaye na uku guda, su karɓo Matthew Stafford. Ka duba da kyau, shi da ƙarin kaya uku aka bayar kafin a samu mutum ɗaya. A Fabrairun 2022 Rams suka ɗauki kofi da Stafford. To wa zai ce lissafinsu bai fita ba? Shugaban da ya riƙe wanda bai dace ba don kunya ko sabo ya cuci sauran 52, ya kuma cuci yaron da ke waje yana jiran gurbi. Wanda ka sani bai fi wanda ba ka sani ba haƙƙi. Da na sa rubutun abokina don abota, da na cire na wata yarinya ƴar shekarar farko da ko sunanta ban riƙe ba a lokacin, kuma nata ya fi.

Wasu sukan kai maganar nesa, su ce wannan cinikin bayi ne da sabon suna. Ba a rasa abin da ke sa su faɗa ba. Duk shekara a Indiyanapolis ana tara samarin da ke neman shiga gasar, da yawansu baƙaƙen fata, a auna tsawonsu da nauyinsu da faɗin tafin hannunsu, manya na zaune suna kallo suna rubutawa. A ƙasa mai tarihi irin na Amurka, wannan hoto ba ya da daɗin gani. Duk da haka ni ba zan yi amfani da kalmar ba. Mu a Nijar sai 2003 aka sa dokar hukunta bauta, akwai mutane da ransu da suka san ɗacinta. Bawa ba ya da albashi, ba ya da ƙungiyar ƙwadago mai zama da iyayengiji a yi yarjejeniya, ba ya iya cewa na gaji na bari. Ɗan wasan NFL yana da duka ukun, kuma tun 1993, bayan shari'o'in da ƴan wasa suka kai kotu, wanda ya yi wasu shekaru kwantiraginsa ya ƙare yana iya zaɓar inda zai je. Aikinsa ake saye ake sayarwa. Matsalar ita ce aikin ba ya tafiya sai da mai shi, da matarsa, da ƴaƴan da za a cire daga lakwal tsakiyar shekara, da sunan da iyayensa suka raɗa mishi.

Daga nan tambaya ta biyu take tasowa, kuma ita ta fi ci mini rai: in dole a rabu, wa ya kamata ya fara ji?

Duk wanda ya taɓa raka babansa kasuwar dabbobi ya san aikin wasu dillalan. Zai raɗa wa mai saye cewa wani ya riga ya taya, ya koma ya raɗa wa mai sa cewa kasuwa ta faɗi, gara ya sallama tun da wuri. Jita-jitar musaya a NFL haka take, ba daga sama take faɗowa ba. Ƙungiya takan saki magana don ta ji wa zai taya. Wakilin ɗan wasa yakan saki tasa don farashi ya hau. Ɗan jarida kuma ribarsa ita ce ya riga kowa ko da minti ɗaya, akwai irin su Adam Schefter na tashar ESPN da aikinsu ke nan dare da rana. Kowa da la'adarsa. Malamanmu sun ce shari'a ta hana tayin ƙarya, wato ka taya abin da ba ka da niyyar saye don kawai ka ruɗi wani. Wannan fa a kan raƙumi da buhun gero. To ina ga in wanda ake tayawa yana da kunne, yana da waya a aljihu, uwarsa ma tana da tata?

Na daɗe ina ɗauka laifin jita-jita shi ne ƙarya. Labarin Andrew Luck ya gyara mini wannan tunani. Shi madugun ƙungiyar Colts ne ta Indiyanapolis. Jikinsa ya sha rauni, kafaɗa, ƙafa, har ƙodarsa ta taɓa tsagewa. Yana ɗan shekara 29 ya yanke shawarar barin wasa, ya shirya ya fara gaya wa abokan wasansa, sannan ya sanar da duniya da bakinsa washegari. Ranar 24 ga Agusta 2019, ana cikin wasan share fage, yana tsaye gefen fili cikin kayan gida, labarin ya fita a intanet. Wayoyin ƴan kallo suka fara ƙara. Da aka tashi, yana fita daga filin da ya yi shekara bakwai yana ba da jikinsa, wasu daga cikin mutanen garinsa suka bi shi da ihun tsiya. A daren ya tsaya gaban ƴan jarida muryarsa na rawa, ya ce ya ji ihun kuma ya yi mishi ciwo.

Ba ƙarya ko ɗaya a wancan labari. Gaskiya ce tsantsa, amma gaskiyar tana da mai ita, kuma aka karɓe ta daga bakinsa. Ai malamai sun bambanta mana ƙage da giba: ƙage ka faɗi abin da babu, giba kuwa ka faɗi abin da akwai, a bayan idon mai shi, wanda ba zai so ba. Wanda ya fesa maganar abokina a fada bai yi ƙarya ba. Ni ma da na yi shiru kwana huɗu ban yi ƙarya ba. Mu biyun muka haɗu muka tuɓe shi a gaban mutane. Wanda ya ji hukuncinsa a ɗaki yana da lokacin da zai gyara fuska, ya zaɓi kalmar da zai faɗa wa jama'a. Wanda ya ji a fada, idanu goma ke karanta fuskarsa kafin shi ma ya san abin da yake ji.

Goff ma abin da ya ci ke nan. Kwanaki kaɗan kafin musayar, aka tambayi babban manajan Rams game da shi, sai ya amsa cewa ɗan wasansu ne a halin yanzu. Duk mai hankali ya san fassarar “a halin yanzu”. Daga baya kocin, Sean McVay, ya fito ya amsa cewa bai kyauta ba a yadda ya tafiyar da maganar tsakaninsa da Goff. Ka ga bai ce musayar kuskure ba ce, kofi na hannunsa. Hanyar ya ce bai kyauta ba. Mafi munin jita-jita kuma ita ce wadda ake saki don a wanke kai: kafin a kori mutum sai ka fara jin “wata majiya” ta ce ba ya da ƙoƙari, ko ba ya jin magana, don in an kore shi jama'a su ce dama. An karɓe mishi gurbi, an haɗa da sunan da zai nemi wani gurbin da shi.

Tambaya ta uku ita ce ta amana, kuma mutum ɗaya ya ishe ni misali, Vontae Davis. Mai tsaron baya ne, kakarsa ce ta raine shi. A watan Agustan 2012 manajan ƙungiyar Dolphins ta Miyami ya kira shi ofis ya ce an musanya shi zuwa Colts. Akwai kyamarar wani shirin talabijin a ɗakin, duniya ta gani. Abin da yaron ya fara cewa shi ne yana so ya kira kakarsa. Ya je Colts ya yi fice, sau biyu ana sa shi cikin gwanayen shekara. A Nuwamban 2017, yana fama da rauni, suka sallame shi tsakiyar kakar wasa. Mutane suka ce harka ce, haka sana'ar take. A Satumban 2018 yana wasa a ƙungiyar Bills ta Bafalo, aka tafi hutun rabin lokaci, ya tuɓe kayan wasa ya sa na gida, ya ce ya bari ke nan har abada. Daga baya ya yi bayani cewa a cikin filin ya gane bai kamata a ce har yanzu yana wurin ba. Ranar kuwa ba wanda ya ce harka ce. Aka yi mishi ca, aka ce ya ci amana, ya raina abokansa. Ya rasu a 2024 yana da shekara 35.

Ba na wanke shi duka. Abokan wasansa da ya bari a fili suna da haƙƙi a kansa, ko ba komai ya tsaya gefe har a tashi. Abin da nake tambaya shi ne ma'aunin. In ƙungiya ta bar mutum ba shiri a ce dabara, in mutum ya bar ƙungiya ba shiri a ce butulci. A Fabrairun 2012 ƙungiyar Patriots ta sallami wani ɗan wasa, Tiquan Underwood, ana gobe Super Bowl, don ta samu gurbin sa wani. Mudu biyu ke nan a kasuwa ɗaya, na saye daban na sayarwa daban. Koci zai tara su ya ce mu ƴan gida ɗaya ne, a mutu tare, alhali Baturke na jiran umarni a bayan ƙofa. In kasuwa ce a ce kasuwa ce, kowa ya san inda ya tsaya. In kuma an kira sunan zumunci, to alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka ya kai.

Na san abin da wani zai ce, don an gaya mini a fada: “Kai malam, mu da ke neman na kabu-kabu, mi ya haɗa mu da kukan masu miliyoyi?” Amsa biyu gare ni. Ta farko, Goff da Luck su ne ake gani a tele, amma yawancin waɗancan 1,184 ba wanda ya san sunansu, kuma a ƙiyasin da aka fi ambata, ɗan wasa a tsaka-tsaki bai cika wuce shekara uku da ƴan watanni a gasar ba. Ta biyu, in muka yarda kuɗi mai yawa yana halatta a wulaƙanta mutum, mun yarda ke nan mutunci yana da farashi, saura kawai a yi ciniki. Ranar da aka zo kanmu, mu da farashinmu bai taka kara ya karya ba, da wane baki za mu yi magana? Wannan hali ai ba sai a Amurka ba. Ma'aikaci nawa ne ya ji an canja shi a bakin maƙwabta, yarinya nawa ta ji an fasa aurenta a bakin rijiya?

Mu masu saurare ma muna da kaso a ciki. Dillali ba ya raɗa sai ya ga kunne. Na gaya wa yayana haka, ya yi dariya ya ce: “Yaro, ai rabin daɗin ke nan.” Gaskiyarsa, akwai daɗi, kamar yadda gulma ke da daɗi. Amma shi ne kuma ya turo mini saƙo a Janairun 2024 muryarsa duk ta dushe. Ranar Rams suka zo Ditroit wasan fitar da gwani, Stafford a gabansu, Goff a gaban Lions. Lions suka ci 24 da 23, nasararsu ta farko a irin wannan mataki cikin shekara 32, kuma filin gaba ɗaya sunan Goff yake kira. Mutumin da aka ba su da ƙarin kaya uku a kai, kamar gyara. Yayana ya ce: “Wallahi tun ba a fara wasan ba suke kiran sunanshi.” Wato kafin su san ko zai ci. Jama'ar da ke iya yi wa Luck ihu, irinsu ne ke iya mai da wa Goff sunansa.

Ga inda na tsaya. Yankewa halal ce, wani lokaci ma wajibi ce, duk inda gurbi ya yi kaɗan masu nema suka yi yawa. Amma mai yankewa ana binsa bashin abu uku. Wanda abin ya shafa ya fara ji, daga bakin wanda ya yanke, ba ɗan aike ba. A gaya mishi dalilin gaskiya, ko da ɗaci. Kuma a bar mishi sunansa ya tafi da shi. Waɗannan ukun ba sa cin ko dala daga iyakar albashi, ba sa cin shafi ɗaya a wurin mai fotokopi. Abin da suke ci shi ne ƙarfin halin zama gaban mutum ka dube shi. Abin da na rasa ke nan bara, na kira shi jiran lokaci mai kyau, alhali tsoro ne.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta sa wannan cikin ƙa'idojinta tun daga fitowa mai zuwa: ranar da masu tacewa suka gama zama, kafin rana ta faɗi, kowane wanda aka ajiye rubutunsa a same shi, a ba shi takardarsa da gyaran da aka gani a jiki, kuma kada a liƙa jerin sunaye sai an gama da na ƙarshe.

Sati biyu da suka wuce na je gidan abokina. Na gaya mishi ni na ce a ajiye rubutun, na gaya mishi dalili, shafi bayan shafi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: “Ai na san kai ne tun ranar. Rubutun ma na sake karantawa, kuna da gaskiya. Mi ya hana ka taho?” Ban samu amsa ba. Na tambaye shi ko zai kawo wani badi, ya ce zai duba.